Hannun da aka naɗe da tsumma: yadda ake gane yaron da ake zalunta a gidansu

Wata safiya a watan Afrilu, lokacin da zafin Tawa ke sa alli ya jiƙe da gumi a hannun malami, wata yarinya 'yar aji uku ta shigo mini da hannun dama a naɗe cikin tsumman atamfa. Ba ta kai shekara 10 ba. Na ce kowa ya ɗauki allonsa, sai na ga ta ɗauka da hagu.

"Ɗiyata, me ya sami hannun?"

Ta sunkuyar da kai. "Madam, faɗuwa na yi a bakin murhu."

Da na kwance tsumman a hankali, abin da na gani bai yi kama da faɗuwa ba. Wanda ya faɗa kan murhu da tafin hannu yake tokarewa, ƙunarsa kuma ba ta da tsari. Wannan a bayan hannu take, layi biyu a jere, miƙaƙƙu, kowanne da faɗin wuƙa. An sa ƙarfe a wuta ya yi ja, an riƙe hannun, an manna, an ɗaga, an sake mannawa.

Da aka tashi daga lakwal na bi ta gida. Gwaggonta ke riƙonta tun da iyayenta suka rabu, uban yana bida a Abijan. Matar ba ta musa ba, ba ta ma ga abin ɓoyewa ba. "Dala goma ta ɗaukar mini a ƙarƙashin katifa, Madam. In ban ƙona hannun yau ba, gobe a kasuwa za a kama ta. Tarbiyya nake ba ta. Ke ba a buge ki ba kika zama mutum?"

A cikin wannan amsa wahalar maganar take. Zaluncin yara ba ya shigowa gidajenmu da sunansa. Yakan shigo da sunan tarbiyya, da sunan riƙo, da sunan taya uwa aiki, da sunan rufin asiri. Duka waɗannan kalmomi ne masu daraja a wurinmu, shi ya sa wanda ya ga abin yakan haɗiye maganarsa, don kada a ce ya shiga sharo ba shanu. Yaron kuwa ba zai faɗa ba. Wanda ke cutarsa shi ne ke ba shi tuwo, kuma an riga an koya masa cewa ɗan kirki ba ya kai ƙarar babba. Saboda haka aikin ganewa ya rataya a wuyan wanda ke kallo daga gefe: malami, maƙwabciya, unguwar zoma, kawu, mai shagon bakin layi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta rarraba cutar da yaro zuwa cutar jiki, cutar zuciya (wato zagi da tozarci), lalata, sakaci, da kuma morar yaro don neman kuɗi. A takarda suna rabe, amma a cikin gida tare suke tafiya, da wuya ka tarar da yaron da ake ƙona wa hannu ba a zaginsa, ko wadda ake kwana da ita da yunwa ba a tura ta talla. Babban binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya gano cewa yara 8 cikin 10 masu shekara 2 zuwa 14 an hore su da duka ko da tsawa da zagi a watan da ya gabaci binciken. In abu ya game gari haka, dole mutum ya tambaya: ina iyakar horo, ina mafarin zalunci?

Ni dai ba na cikin masu cewa a zuba wa yaro ido ya yi abin da ya ga dama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne. Amma mai tanƙwara icce yana jin inda zai karye, ya sassauta. Horo yana da laifin da yaro ya sani, yana da gwargwado, yana ƙarewa, bayansa yaro ya koma jikin uwarsa ya ci abinci. Abin da na gani a hannun yarinyar nan ba shi da ko ɗaya daga ciki. Dukan da ke barin tabo, dukan da babba ke yi don ya huce takaicin miji ko na kishiya ko na kasuwar da ba ta ci ba, dukan yaron goye da bai san dama da hagu ba, ɗaure yaro a turke, zuba masa tonka a ido ko a gaba, tsula masa wayar lantarki, hana shi abinci yini guda, kulle shi a ɗaki cikin zafin bazara: waɗannan azaba ce, ko wane suna aka ba su.

Masu kafa hujja da addini su duba da kyau. Nana A'isha ta ce Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara 10 tun yana yaro, ya ce ko "tir" bai taɓa ce masa ba. Da Aƙra'u ɗan Habis ya gan shi yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Hadisin da ake yawan jawowa, na dukan yaro a kan salla, shekara 10 ya ambata, malamai kuma suka gindaya sharaɗin kada ya yi rauni, kada ya taɓa fuska. To ina hujjar mai kwaɗa wa ɗan shekara uku muciya a kai?

Jiki yana faɗin abin da baki ya ɓoye, in an san karatunsa. Yaro mai guje-guje ba ya rabuwa da ƙujewa, amma a wuraren da ƙashi ya fito: gwiwa, ƙwauri, gwiwar hannu, goshi. Rauni a kunne, a wuya, a ciki, a gadon baya, a cinya ta ciki ko a al'aura ba na wasa ba ne, musamman ga yaron da bai wuce shekara 4 ba. Jaririn da bai fara rarrafe ba kuwa, kowane kumburi ko kwanciyar jini a jikinsa abin tambaya ne, don ba shi da inda zai je ya buge. Sai a dubi siffar tabon. Waya tana barin shaida kamar lanƙwasasshiyar igiya, dorina tana barin layi-layi, mari yana barin sawun yatsu, taba sigari tana barin ƙaramar ƙuna zagayayya, igiya tana barin zobe a wuyan hannu ko idon sawu. Ƙafar da aka tsoma a ruwan zafi ƙunarta tana da iyaka madaidaiciya kamar an sa safa, ta ruwan da ya zube da tsautsayi kuwa a warwatse take. In ka ga tabo sabo, da mai warkewa, da tsoho, duk a jiki ɗaya, ba rana ɗaya aka yi su ba.

Akwai wanda ba ya barin tabo a waje ko kaɗan, kuma yana kisa: jijjiga jariri da ƙarfi don ya yi shiru. Wuyansa bai yi ƙwari ba, kansa yana da nauyi, sai jini ya tsinke a cikin ƙwaƙwalwa. Yaro ya yi laushi, ya ƙi nono, ya yi amai ko ya shiɗe, a ce iska ce ko dankanoma, a tafi neman rubutu.

Abin da likitocin yara suka fi lura da shi shi ne rashin jituwa tsakanin labari da rauni. Tun 1962 wani likitan yara a Amurka, Henry Kempe, da abokan aikinsa suka bayyana wa duniyar likitanci yadda ake kawo yara da karaya iri-iri ana cewa faɗuwa ce. Har yau alamomin ba su sake ba. An ce ɗan wata biyu ya mirgino daga gado, alhali bai iya juyi ba. Uwa ta faɗi wani abu, uba ya faɗi wani. An yi kwana huɗu kafin a kai shi likita. Sai dai a yi hattara da saurin zargi. Tsaga da ƙaho da sakiya suna barin tabo, wasu jarirai ana haihuwarsu da shuɗin tabo a mazaunai, mai amosanin jini hannuwansa kan kumbura ba wanda ya taɓa shi. Alama ɗaya dalili ce ta tambaya da sa ido, ba ta yanke hukunci ba.

Cutar zuciya ta fi wuyar kamawa, don mun saba da ita har ba ma jin ta. "Shegiya." "Ɗan asara." "Kin yi gadon uwarki." "Da ma kai ka mutu ka bar mini wane." Yaron da yake karya kumallo da irin waɗannan kalmomi kullum, a hankali yakan yarda haka yake. Mai fitsarin kwance a ɗaura masa jiƙaƙƙiyar tabarmarsa, a tara masa yaran unguwa suna yi masa ature, alhali sau da yawa tsoro ne ke kawo fitsarin, tozarcin kuma ƙara shi yake. A aji ina gane irin waɗannan yara kafin in san gidajensu. Akwai wanda in na ɗaga hannu zan gyara kallabi sai ya kare fuskarsa. Akwai wadda ba ta kuka ko an buge ta, idonta a bushe kamar na tsohuwa. Akwai mai cin zalin ƙanana a filin wasa da irin zagin da bai dace da bakinsa ba. Akwai wanda in an kaɗa ƙararrawar tashi kowa ya ruga, shi sai ya tsaya share allo, yana jan ƙafa. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 1998, wanda a ƙarshe ya haɗa manya fiye da 17,000, ya nuna cewa gwargwadon wahalar da mutum ya sha a gidansu yana yaro, gwargwadon haɗarin da yake ciki na shaye-shaye, ciwon damuwa, yunƙurin kashe kai, har da ciwon zuciya bayan ya girma. In mun ga samarinmu sun faɗa wa taramol, ya kamata wani lokaci mu waiwaya mu tambayi irin gidan da suka tashi.

Sakaci shi ne inda na fi so a yi adalci, don a nan ake zaluntar talaka da baki. Talauci daban, sakaci daban. Kowa a Adar ya san gidan da maigida ya tafi Abijan ko Libiya ko Aljeriya, shekara biyu ba aike, mace na fama da yara shida da daka da ɗiban ruwa. In yaranta sun rame, tare suka rame da ita. Wannan taimako take bukata, ba tuhuma ba. Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne a kwatanta yaro da sauran yaran gidan. In kowa ba shi da takalmi, babu ce. In kowa na da takalmi sai ɗaya, in ana zuba wa kowa a kwano shi sai ƙanzo, in ɗan masu gida ya yi zazzaɓi an ruga da shi likita shi kuwa an ce ya sha jiƙo, in kowa na lakwal ita tana gindin turmi, to wannan zaɓi ne aka yi. Tun 2006 gwamnati ta ce duba yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta ne, akwai kuma cibiyoyin kula da masu tamowa. Gaskiya ne sau da yawa akan rubuto maganin da sai an saya, amma wanda ya bar yaro ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja, bai ko kai shi an auna damtsensa ba, alhali yana da kuɗin biki, ba rashi ne ya hana shi ba. Manzon Allah (SAW) ya ce ya ishi mutum zunubi ya tozartar da wanda ciyarwarsa ke wuyansa.

Wane ne wannan ɗayan da ake warewa? Kusan kullum shi ne wanda ba shi da nasa a cikin gidan: maraya, agola, ɗan riƙo, ɗan wadda aka saka, mai naƙasa, wanda aka haifa ba aure. Riƙo al'ada ce mai kyau, da yawanmu a hannun gwaggo ko kaka muka tashi muka ga alheri. Yana lalacewa ne in aka ɗauko yarinya daga ƙauye da alkawarin karatu, ta zama ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. Haka kuma yadda muke ƙwace yaro daga uwarsa da an yaye shi ko da ya kai shekara 7, mu miƙa wa kishiyarta, al'ada ce kawai. A mazhabar Malikiyya da muke bi, renon ɗa bayan saki na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji, in uwar ta yi wani aure sai ya koma hannun kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Da ana bin wannan, da an rage hawaye masu yawa.

Sai morar yaro. Yarinyar da ke yawo da farantin gujiya a tasha har bayan isha'i, tana tsoron komawa gida don dala arba'in sun ɓace, an jefa ta inda kowane mugu zai iya saye farantin duka ya ce ta biyo shi ta karɓi kuɗi. Ɗan shekara biyar da aka kai wani gari da sunan karatun allo, ba guzuri, ba mai leƙa shi, iyayensa ne suka fara yin sakaci kafin malaminsa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada bayan Arlit, a hanyar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne. Ƙishirwa ta kashe su, kuma ba su suka zaɓi tafiyar ba. Auren wuri ma a nan yake zaune: binciken 2012 ya nuna mata 76 cikin 100 an aurar da su kafin shekara 18, 28 cikin 100 kafin 15. Mu a jihar Tawa muna da ƙarin tabo, na wahaya, wato macen da ake saye a ajiye a matsayin baiwa bayan mata huɗu na aure. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 a kan jika 240, sai a Oktoban 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (CEDEAO) da ta zauna a Yamai ta ce ƙasar Nijar ta gaza kare ta daga bauta.

Na bar mafi nauyi zuwa nan. Muna gargaɗin yara su guji baƙo, alhali mai lalata da yaro galibi wanda aka sani ne, wanda ke shiga gida ba a tambaye shi ba: ɗan'uwa, mijin uwa, maƙwabci, yaron gida, mai koyarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace 1 cikin 5 ta ba da labarin an yi lalata da ita tana yarinya, kuma yara maza ma ba su tsira ba, su ne ma suka fi yin shiru. Ba da ƙarfi yake farawa ba. Da alawa yake farawa, da 'yan kuɗi, da "zo in aike ki", da wasan da ke wuce iyaka kaɗan-kaɗan, sannan barazana: in kin faɗa zan yanka ki, ko ba mai yarda da ke. Uwa ta lura in tafiyar ɗiyarta ta sauya, in tana kuka wajen fitsari, in akwai jini ko ruwa mai wari a wandonta, in ta koma fitsarin kwance bayan ta daina, in tana firgita cikin barci, in ta san maganar manya da ta fi shekarunta, in tana da kuɗin da ba a san mafarinsu ba, in ta ƙi zuwa aike wani gida da a da take murnar zuwa. Yaron da ya ce "ba na son zuwa wurin Kawu wane", kafin a ce masa marar kunya, a ja shi gefe a tambaye shi dalili.

In yaro ya buɗe baki, abin da babba ya yi a wannan ɗan lokacin shi ke sa ya ci gaba ko ya rufe har abada. Kada a yi salati da kururuwa, kada a mare shi, kada a ce "me ya kai ki?" A zauna daidai tsayinsa a ce, "Na yarda da ke, ɗiyata. Ba laifinki ba ne. Kin kyauta da kika gaya mini." A bar shi ya faɗa da bakinsa, ba a cusa masa suna ba, kuma kada a tara dangi a sa shi maimaitawa a gaban wanda yake tsoro. Sai likita, da gaggawa. Maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5. Kada a yi wa yaron wanka, kada a wanke tufafin kafin a duba shi, a nemi takardar shaidar likita.

A nan ne rufin asiri ke zama wuƙa. Dattawa su zauna a zaure, a ba da haƙuri, a biya kuɗin magani, a ce "a bar wa Allah, gida bai ƙoshi ba a kai wa dawa", wani lokaci ma a aurar da yarinyar ga wanda ya cuce ta. Asirin babba aka rufa, yarinyar kuwa an bar ta tana gaishe shi kowace safiya, shi kuma ya gane ba abin da zai same shi, sai ya nemi ta gaba. Nijar ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1990. Dokar hukunta laifuka ta tsananta hukuncin fyaɗe in yaron bai kai shekara 13 ba, ta kuma ƙara tsanantawa in mai laifin mahaifi ne ko mai iko a kan yaron. Tun 1999 aka kafa alƙalan yara, kuma aikinsu bai tsaya ga yaran da suka yi laifi ba, har da yaron da ke cikin haɗari a gidansu, suna da ikon ɗauke shi su danƙa wa wani amintacce. Akwai sashen kula da yara a wurin 'yan sanda, akwai jandarma a karkara, akwai ma'aikatan kare yara na gwamnati. Ƙaramin abu, kamar uwar da gajiya ta sa hannunta ya yi sauri, ana iya gyara shi da nasiha da ɗauke mata wani nauyin. Ƙuna, karaya, yunwar ganganci da lalata sun wuce sulhun zaure.

Ita yarinyar tawa, a ranar na kai ta aka wanke ƙunar aka sa magani. Na gaya wa shugaban lakwal, muka sami mai unguwa, shi kuma ya kira ma'aikaciyar kare yara. Gwaggon ta yi fushi, ta daina amsa gaisuwata, wasu maƙwabta suka ce na tona asirin gida. Aka kira uban ta salula, da farko ya ce 'yar'uwarsa ba za ta cuci jininsa ba, sai da aka tura masa hoton hannun ya yi shiru. Bayan sati uku kakarta ta wajen uwa ta zo daga wani ƙauye ta wajen Illela, ta ce mini, "Madam, ba ni takardarta ta lakwal, can ma akwai aji uku." Na rubuta na ba ta.

Ranar da na fara shiga gidan na ga wani ƙaramin yaro, bai fi shekara shida ba, a tsugune yana kankare tukunyar da ta kusa kai girmansa. Shi ma ɗan riƙo ne. Ba a sa shi lakwal ba, don haka ba malamin da zai ga hannunsa da safe. Na ba ma'aikaciyar labarinsa, mai unguwa kuma ya ce zai riƙa leƙawa in ya taso daga masallacin Juma'a. Maƙwabciyar da katangarta ke haɗe da tasu ta karɓi lambata, ta ce in ta ji kuka cikin dare za ta kira.